Kafin a saya wa yaro injin kafe, a juya bayansa a karanta

A bakans da ta wuce yayata ta kira ni a salula, ta ce in zo gida akwai magana. Na tarar da ita zaune da ɗanta na biyu, wanda ya samu bak shekara biyu ke nan, aiki bai samu ba, karatun jami'a kuma ya ce ba ya so. Ya ga bidiyon wasu samari a ƙasashen waje suna sayar da kafe a bayan babur mai ƙafa uku, da injin espresso mai ƙyalli, mutane sun yi layi. Ya kuma samo wani inji na hannu a Yamai, wanda wani gidan abinci ya rufe ya bari. Ita kuma kwasarta ta adashe ta zo, tana son ta ji ta bakina kafin ta miƙa.

Ya ce, "Kawu, kai dai ka ga hoton."

Na ce ya aiko a ɗauko mani hoton bayan injin, inda ake manna ɗan ƙarfen nan mai rubutu. Ya dube ni kamar na tambayi abin da bai shafi zancen ba. Wannan kallon ne ya sa nake wannan rubutu, don ni na koyar da shi fizik a ajin BEPC, kuma maki mai kyau na ba shi.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai yi sana'ar kafe ta yawo a ƙasar nan, daga wuta zai fara lissafi, inji ya zo daga baya. Kuma ga mafi yawan yaranmu, amsar da lissafin ke bayarwa ita ce gaz, ko da ranka ya fi son sola.

Espresso kafe ne da ake tura ruwa mai zafin kusan digiri 93 ta cikin garinsa da matsi mai ƙarfi, wajen bar 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Garin giram 7 ne, abin da ke fitowa kuma bai wuce kurɓi biyu ba, wajen mililita 30. Zafafa wannan ɗan ruwan ba komai ba ne. Kowace lita tana cin wat-awa 1,16 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka kofi 100, wato lita 3, ba su kai wat-awa 250 ba. Wutar tana tafiya ne wajen riƙe babbar tukunyar cikin injin da zafi tun safe har dare, ko ana ciniki ko ba a yi.

Da hoton ya zo, an rubuta 3400 W, 220 V. Inji ne mai baki biyu, irin wanda aka ƙera don shagon da ke jone da kuran na gari, inda ake shan ɗaruruwan kofuna a wuni. Na ba shi takarda da biro, na ce ya raba 3400 da 220. Ya samu amfiya 15 da ɗoriya. Na ce to ka ce da batir za ka yi aiki, raba da 12. Ya samu 283. Nan ya ɗan yi shiru, don ya san wayar da za ta ɗauki amfiya 283 sai ta kai kaurin babban yatsa, kuma ƙaramin konbatisar na kasuwa da ke mayar da wutar batir irin ta gida ba zai ko tashi da shi ba.

Muka ci gaba. Batir na 12 V mai 200 Ah yana ɗauke da wat-awa 2400 a rubuce. In na dalma ne, irin wanda ya cika kasuwanninmu, rabi kawai ake ci in ana son ya yi ƙarko, saura 1200. Ruwan tukunyar injin, a ce lita 8, sai ya tashi daga digiri 30 zuwa wajen 120 kafin ya ba da tururi. Wannan kaɗai wat-awa 840 ne, ban da ƙarfen jikin injin da shi ma sai ya ɗauki zafi. Ke nan batir ya kusa mutuwa kafin a sayar da kofin farko.

Ya ce sai a sa panno. Ai mu rana ba ta yi mana rowa, gaskiya ne. Panno mai 300 W yana iya ba da wajen wat-awa 1500 a wuni in an share masa ƙura. Amma yaushe ake shan kafe? Bayan asuba, da kuma bayan magariba. Lokacin da panno ke aiki sosai, tsakar rana ce, sa'ad da ba mai neman abu mai zafi. Dole dai a koma ga batir, kuma rufin babur mai ƙafa uku ba zai ɗauki fiye da panno ɗaya ko biyu ba. Batir na litiyom ya fi, ana iya cin kusan duka abin da ke cikinsa, bai kuma da nauyi, sai dai kuɗin wanda zai riƙe wannan inji zai haɗiye adashen gaba ɗaya.

Saura gurup. Wanda yake da shi a rai an rubuta masa 2,5 kVA, wanda a aikace wajen wat 2000 ne. Ba zai ja 3400 ba. Wanda zai ja babba ne, mai nauyi, mai shan mai, kuma ban san wanda zai tsaya shan kafe da hayaƙi a hanci da ƙara a kunne ba. Batun roƙon wani mai shago ya ba ka waya kuwa, duk wanda ya zauna ƙasar nan a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nigelec, ya san abin da ake nufi da dogara ga kuran. Ko ba wannan ba, watannin zafi sun ishe mu darasi kowace shekara.

Yanzu a dubi gaz. Kilo ɗaya na gaz ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya haura wat-awa 12.000. Ƙaramar tukunya mai kilo 6 ke nan wajen 75.000. A ce rabi ya bi iska, abin da ya rage ya yi daidai da cajin batir 30 irin wanda muka lissafa. Ga shi tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tana fitar da shi a cikin gida. In abin da kake so zafi ne, ƙona gaz kai tsaye ya fi ka bi ta panno, ka bi ta batir, ka bi ta konbatisar, kowanne yana cin ladarsa a hanya.

Akwai injin espresso na gaske da ke aiki da gaz. Irin mai hannu ne, wanda Achille Gaggia ya fito da shi a Italiya bayan yaƙin duniya na biyu: ka ja hannun ƙasa, sifirin ya matse, in ka saki shi ne ke tura ruwan. Ba ya buƙatar famfon lantarki don matsi. Matsalarsa samu, da tsada, da kuma wanda zai gyara. A ƙasa da shi akwai ƴar butar nan ta Bialetti da ake kira moka, wadda ta fito tun 1933. A kan risho ake ɗora ta, matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, kuma abin da ke lalacewa a jikinta robar baki ce.

Yaron ya ce moka ba espresso ba ce. Ya yi gaskiya, ba ta yin kumfar nan ta sama yadda inji ke yi. Amma wa zai saya? Ɗan kabu-kabu da direban tasha da ɗalibi sun saba da babban kofi, da madara, da sukari cokali uku, a kan dala ashirin ko kusa da haka wurin mai shayi. Ka miƙa masa kurɓi biyu masu ɗaci a kan ninki uku, sai ya zaci wasa kake. A cikin madara da sukari kuwa, ban yi tsammanin mutum ɗaya cikin goma zai bambance moka da inji ba. Abin da zai ji shi ne bambancin kafe da aka niƙa yanzu da na gwangwani. Shi ya sa na ce in akwai inda za a kashe kuɗi, a kan maniƙa mai kyau ne, ko da ta hannu ce, a kuma rufe ta saboda ƙurar hunturu. Ƴan uwanmu da suka je Abijan sun daɗe a wannan sana'a, har teburan kafe na bakin titi a can "aboki" ake ce musu, kuma da tebur da buta suka fara.

Ban ce ba inda injin lantarki ke da amfani ba. Wanda zai bi tarurruka da bukukuwa a Yamai, inda akwai kuran da masu biya, ƙaramin inji mai baki ɗaya na wat 1200 zuwa 1500 zai yi masa. Shi ma ya duba kada a kawo masa na Amurka mai 110 V. Ya kuma kula da ruwa, don farin ɓawon nan da ke kwanciya a gindin butar shayi, shi ne ke toshe ƙananan bututun inji. Gaz ma ba wasa ba ne: tukunya a inuwa, a tsaye, a ɗaure, tiyo sabo, a riƙa gwada mahaɗa da ruwan sabulu.

Mu malamai, abin da ya dame ni shi ne yaron ya san P = U × I sarai, ya rubuta shi a jarrabawa, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa lambobin da ke bayan firiji ko dutsen guga su ne P da U ɗin ba. Laifina ne, ni da na shekara ina ba su fitila mai wat 60 da ba wanda ya taɓa riƙewa. Bana na sa kowane ɗalibi ya kwafo abin da ke bayan kayan wuta uku na gidansu ko na maƙwabta, da su muke lissafi.

Iyaye kuma, na ga iri biyu: mai cewa ɗan bak ba zai sayar da shayi ba, da mai miƙa kuɗi don kada a ce ya hana. Da yayata ta ce, "To ni me zan tambaye shi, ban yi lakkol ba?" sai na ce ta sa shi ya rubuto mata wat nawa kayan ke ci, daga ina wutar za ta fito, kofi nawa zai sayar kafin ya mayar da kuɗin gaz da madara, kuma wa zai gyara in ya lalace. In ya kasa cika takardar, a dakata.

Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ta ba shi. Ya sayi moka uku, maniƙa ta hannu, tukunyar gaz, filas biyu, da ɗan batir mai kunna fitila da cajin salula. Babur ɗin haya yake ɗauka. Yana tsayawa bakin tasha daga asuba zuwa hantsi, kuma kilo ɗaya na kafe yana kai shi kwana uku. Har yanzu hoton injin nan yana fuskar salularsa, kuma makon jiya ya aiko yana tambayata ko na san mai walda da zai iya gyara tukunyar inji mai hannu, wai ya ji labarin wani a Kwatano.