Sulhun Sunni da Shi'a ba aikin soja ba ne

Bayan an tayar da bam a masallacin Askari na Samarra a Fabrairun 2006, Sunni da Shi'a suka shiga kashe juna a Iraƙi. A 2007 Amurka ta ƙara sojoji kusan 30,000, ta zagaye unguwar A'azamiyya ta Bagadaza da katangar siminti, ta riƙa biyan mayaƙan ƙabilun Sunni na Sahwa albashi. Kisan ya ragu, amma zukata ba su haɗu ba. Sojojin suka fice a Disamban 2011, a Yunin 2014 kuma Mosul ta faɗa hannun Da'esh.

Mu ma a Nijeriya mun ga namu. A Nuwamban 2014 ɗan ƙunar baƙin wake ya afka wa muzaharar Ashura a Potiskum, maƙwabciyar Katagum. A Disamban 2015 sojoji suka yi arangama da almajiran Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya, gwamnatin Kaduna kuma ta amsa cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya.

A Gololo da Azare na ƙasar Katagum, ɗan Izala da ɗan ɗariƙa da ɗan Shi'a kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Rigakafi ya fi magani. Muna kira ga Masarautar Katagum ta riƙa zaunar da malaman ɓangarorin kafin watan Muharram, a daidaita hanyar muzahara da lokacinta, a kuma ja kunnen masu kafirta juna a lasifika. Hakimai da limamai su ɗauki wannan nauyi tun kafin a kira soja.