Abin da Jarrabawar Malamai Ba Ta Auna Ba

A shekarar 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta zaunar da malaman firamare kimanin 33,000, ta ba su tambayoyin 'yan aji huɗu. Su 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin ɗari, aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. A watan Yunin 2022 hukumar SUBEB ta sake sallamar wasu 2,357. Ba ni cikin masu cewa a bar wanda bai iya rubuta jimla ba ya ci gaba da riƙe alli. Abin da nake ja da shi shi ne imanin da ya zauna a zukatanmu, mu 'yan boko, cewa da zarar malami ya haye jarrabawa, to, yaro zai iya Turanci.

Mu ɗauki Tirkaniya, a kudancin kogin Kaduna, maƙwabciyar Nasarawa da Kudenda, ba nisa da Kakuri inda masaƙu suka tara ma'aikata daga kowace kusurwa tun da aka buɗe KTL a 1957. Masaƙun sun durƙushe, amma jama'ar da harsunanta suna nan. Yaro yana jin harshen iyayensa a gida, Hausa da buroka a layi, Turancin littafi kuwa kusan a bakin mutum ɗaya kawai yake jin sa: malaminsa. Kuma koyon harshe ba irin koyon lissafi ba ne. Kuskuren lissafi a takarda yake ɓuya. Kuskuren harshe a bainar jama'a ake yin sa, cikin aji mai cike da yara masu jiran abin dariya. Duk lokacin da yaro ya ɗaga hannu, mutuncinsa ya ajiye jingina. Ba zai yi haka ba sai a gaban wanda ya amince ba zai tozarta shi ba.

Masana sun daɗe da faɗin wannan. A 1999 James McCroskey da Jason Teven na Amurka suka nuna cewa ƙimar mai magana a idon masu sauraro tana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: sani, gaskiya, da kyakkyawar niyya ga wanda ake yi wa maganar. Shekara guda kafin nan, Zoltán Dörnyei da Kata Csizér sun tambayi malaman Turanci 200 a Hungary abin da ke zaburar da ɗalibi, sai halayyar malami da kansa ta zo a kan gaba, kyakkyawar alaƙa da ɗalibai ma tana cikin na sama. Jarrabawar Kaduna dutse ɗaya ta auna. Sauran biyun kuwa ta ma girgiza su, domin an baza takardun amsoshin wasu malaman a Twitter, duniya ta yi dariya. Iyaye sun gani, yara sun ji. Wanda aka ɗauka daga baya bai gaji alli kaɗai ba, ya gaji har da rainin.

Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. A makarantun kuɗi da yawa har yau ana cin tarar yaro, ko a zane shi, don ya yi "banakula". Iyaye kuma, cikinsu har da mu, muna tafa wa wannan da sunan tarbiyya. Malamin da ya mayar da harshen uwar yaro laifi ya gaya masa ke nan cewa shi ba nasa ba ne. Sakamakon ba Turanci ba ne, shiru ne. Ga kuma ƙaramin albashi da ke sa malami ya bar makaranta kafin ya haddace sunayen 'yan ajinsa.

In ana son gyara, mai duba makarantu ya bar lissafin rajista ya zauna cikin aji, ya ƙirga yara nawa suka yi magana cikin minti arba'in, ya kuma lura da abin da malami ya yi sa'ad da ɗaya ya yi kuskure. A soke tarar banakula. A bar malamin Turanci ya bi aji guda shekara biyu ko uku. Yaron Tirkaniya da ya yi shiru a aji huɗu shi ne zai zauna gaban WAEC bayan shekara takwas yana neman kiredit a Turanci, wanda in babu shi ƙofar jami'a ba za ta buɗe masa ba.