Jinin ƙarya, dariyar gaske

A cikin fim ɗin Evil Dead II na Sam Raimi, wanda ya fito a 1987, aljani ya shiga hannun jarumin. Ya guntule shi da zarto mai inji, sai hannun ya tsere yana tsokanarsa. A cikin Braindead na Peter Jackson, na 1992, da injin yankan ciyawa aka markaɗe gawawwaki masu tafiya. Ƴan kallo kuwa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Mi ya kawo haka? Wuce gona da iri. Ɗigon jini guda yana tada hankali. In ya zama ambaliya, ido ya gane rini ne, tsoro ya koma raha. Gidan wasan Grand-Guignol na birnin Paris, da aka buɗe a 1897, yakan jera wasan firgita da na barkwanci a dare ɗaya. Kasuwarsa ta mutu bayan yaƙin duniya na biyu ya nuna wa Turawa jinin gaske. Aka rufe shi a 1962.

Wannan dariya ta wanda ya san ƙarya ce. Ƙaramin yaro bai sani ba tukuna. Magidanta su duba wa ke zaune gaban talabijin.