Dutse Yana Nan, Fili Ne Babu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Bakori ta faɗa Malumfashi, ya san abu biyu ne ke cika masa ido: gonakin masara da dawa da auduga, da kuma duwatsu baƙaƙe da ke tsaye a tsakiyarsu. Gonar kowa ya san amfaninta. Dutsen kuwa, amfanin da muka sani yanzu bai wuce a fasa shi a mayar tsakuwa ba, tipa ta zo ta kwashe a zuba a kankare. Ban ce wannan laifi ne ba, gama gada da kwalbati ba su ginuwa da yawun baki. Abin da nake cewa shi ne, akwai wata sana'a da dutsen nan ke iya ciyarwa, watau sassaƙa, kuma abin da ya hana ta kafuwa a wannan yanki ƙanƙane ne ƙwarai: mai sassaƙa ba shi da inda zai zauna ya yi aiki.

Kada wani ya ce baƙon abu ne. Kafin injin niƙa ya shiga ƙauyukanmu, wane gida ne ba shi da dutsen niƙa? Akwai masu fitar da shi daga jikin fa, su daidaita shi, su kai kasuwa, in ya yi santsi kuma a sa maƙodi a ƙoda shi. Waɗannan mutane sun san wane dutse ne ke ɓantarewa, wane ne ke jure duka. Injin ya kashe musu ciniki, saninsu kuwa yana ta bin tsofaffi zuwa kushewa. A can Zariya kuma, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba, akwai sashen koyar da zane da sassaƙa wanda aka dawo da shi daga Ibadan a 1955, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kiran a haɗa ilmin zamani da fasahar gida. Ga masu sanin dutse, ga masu sanin zane, ga dutsen kansa, amma ba a haɗa su ba.

Sai an san yadda aikin yake kafin a fahimci dalilin da ya sa ɗakin haya ba zai ɗauke shi ba. Mai gini da yumɓu ƙarawa yake yi, in ya ɓata ya murje ya sake. Mai sassaƙa dutse ragewa yake yi, abin da ya cire kuwa ya ciru har abada. Saboda haka aikinsa na farko kallo ne. Yakan je gindin dutse ya zaɓi gunduwa, ya ƙwanƙwasa ta da guduma yana saurare. In ta yi ƙara garau lafiyayya ce, in ta yi amo kamar fasasshen tulu, akwai tsaga a ciki da za ta bayyana bayan ya yi wata biyu yana wahala. Yakan zuba mata ruwa don ya ga launinta na gaskiya da yadda jijiyoyinta suka kwanta. Daga nan ya zana da gawayi ko alli, ya fara sare manyan ɓangarori da cizal mai tsini, ya koma ga mai faɗi, ya ƙare da gugar da ake yi da ruwa, daga kaushi zuwa laushi, har fuskar ta yi sheƙi. Sau da yawa abin da ya zana a takarda ba shi ke fitowa ba, gama yana cikin sara sai ya tarar da wata jijiya da ta tilasta masa ya sake shawara. Dutsen ƙasarmu kuma giranit ne, mai taurin da ke dakushe ƙarfe cikin ɗan lokaci, don haka maƙeri ko injin wasa ƙarfe ba ya nisa da shi.

To, ku duba abin da wannan ke bukata. Gunduwar giranit mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, ta ɗara tan biyu da rabi. Ba a shiga da ita ta zaure, ba a kuma ɗauke ta don mai gida ya ƙara kuɗin haya. Ƙarar guduma daga safe zuwa la'asar ba maƙwabcin da zai jure ta. Mafi muni ita ce ƙura: ƙurar giranit tana shiga huhu ta daskare, ta haddasa ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba shi da magani. Yin wannan aiki a tsakar gida, inda yara ke rarrafe, ganganci ne. Abin da mai sassaƙa ke nema bai wuce fili a bayan gari ba, da rumfar kwano mai shan iska, da rijiya don jiƙa dutse, da hanyar da mota za ta shiga, da tabbacin cewa ba za a tashe shi baɗi ba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran wuyar samu.

An taɓa warware irin wannan a wata ƙasar noma kamar tamu. A 1966, sa'ad da takunkumi ya karya cinikin taba a Rodeshiya, wadda ita ce Zimbabuwe ta yau, wani manomin taba mai suna Tom Blomefield ya bar wa ma'aikatan gonarsa fili da dutsen da ke ƙasarsa, ya ba su kayan aiki. Wurin shi ne Tengenenge, kusa da Guruve. Leburori ne, waɗansu daga Malawi da Mozambik da Angola, kuma daga cikin waɗanda suka yi aiki a can aka sami Henry Munyaradzi da Bernard Matemera, waɗanda aka nuna ayyukansu a manyan biranen Turai. Mai gardama zai ce dutsensu ya fi namu laushi, masu sayensu kuma Turawa ne. Gaskiya ne. Amma a Aswan ta Masar, tun 1996 ake tara masu sassaƙa a ba su giranit da wuri da mataimaka, bisa jagorancin Adam Henein a farkon lamarin, kuma ma'aikatar al'adu ce ta ɗauki nauyi. Taurin dutse bai hana su ba.

Akwai maganar da na san tana ran mai karatu, gwamma a faɗe ta a fili. Da an ce sassaƙa sai hankali ya tafi ga gunki, kuma malamanmu sun yi bayani a kan siffanta abu mai rai. Ba ni da niyyar ja da su, ba kuma fagena ba ne. Sai dai sassaƙa ta fi siffar mutum faɗi nesa ba kusa ba. Ƙubbar kabarin Sarki Ƙaitbay a Alƙahira, ta wajen 1474, dutse ce da aka sassaƙa da taurari da ganyaye. Tagar masallacin Sidi Sayyid a Ahmadabad ta Indiya, dutse ce da aka huda har ta zama kamar saƙa. Mu ma muna da dagi da sauran zanen da magina ke yi a fuskar soro, wanda damina ke wankewa kowace shekara. Me zai hana a sa shi a dutse, a ƙofar gari, a bakin masallaci, a allon sunan makaranta, a turmi da kujerun dandali? Yanzu in ana son allon buɗe sabon gini, daga wani gari ake sayo shi, alhali dutse na kallonmu.

Ga ku 'yan'uwa da kuka riga mu kama aiki a sakatariya, nan ne maganar ta shafe ku. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a ƙasar karkara. Watau ba sai an je Abuja ba. Ƙaramar hukumar Funtuwa ko ta Malumfashi, da shawarar Sarkin Maska ko Galadiman Katsina, tana iya keɓe eka ɗaya kusa da wurin fasa dutse, nesa da gidaje, ta rubuta takarda ta shekara goma. Akwai kuma fulotai da rumbunan da aka gina sa'ad da auduga ke tashe, waɗansu yau sai jemagu da awaki. Ɗaya daga ciki ya isa. Ni dai ba na goyon bayan a gina wata katafariyar cibiya da za a yanka zare a kulle, mun ga irinsu da yawa. Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, ba da katafaren gini ta fara ba sa'ad da Michael Cardew ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ga shi Ladi Kwali da ta shiga a 1954 tana bayan takardar naira ashirin.

Sharaɗi biyu kawai zan roƙa a sa a takardar. Na farko, duk ɗalibin jami'a da aka ba rumfa ya zauna tare da mafasa dutse na garin, ya koya musu zane su koya masa dutse, kada wurin ya zama na 'yan boko kaɗai. Na biyu, kada a fara sara sai an haƙa rijiya an kuma tanadi abin rufe hanci, don mafasan da ke aiki a yanzu cikin ƙura su ma su amfana da ruwan.