Filin Kiwon Dabbobi: Zawo ga 'Ya'yan Kyanwa

A wannan mako za mu yi bayani ne a kan zawon da ke kama 'ya'yan kyanwa ya ƙi tsayawa, ciwon da mutane da yawa suka raina, alhali kuwa yakan kashe 'yar kyanwa cikin kwana biyu ko uku. Dalili shi ne jikinta ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, da zarar ya tsiyaye sai ƙarfi ya ƙare.

Abu na farko da ke jawo shi shi ne madarar shanu. Akan zuba mata don tausayi, amma kuwa bayan yaye cikin kyanwa ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madarar, sai ya tsinke. Haka nan sauya mata abinci farat ɗaya. Na biyu tsutsar ciki, wadda takan samu tun daga nonon uwarta, sai a ga ciki ya kumbura, gashi ya yamutse, jiki yana ramewa. Na uku, wanda ya fi muni, wata cuta ce mai yaɗuwa da likitoci ke kira fanlukofeniya, mai zuwa da zazzaɓi da amai, kuma ƙwayarta tana iya shekara guda a ƙasa ba ta mutu ba.

To, yaushe ya wajaba a garzaya asibitin dabbobi? Idan zawo ya wuce awa 24. Idan an ga jini ko majina a kashin, ko ta haɗa da amai, ko ta ƙi cin abinci ta kwanta lakwas. A ɗaga leɓenta a duba dasashi: in ya bushe ko ya yi fari, jiki ya yi sanyi, lalle ruwa ya ƙare mata. Wadda ba ta kai mako 8 ba kuwa, kada a bari ta kwana. A tafi da ɗan kashinta na ranar a leda domin a auna, watau a san ainihin abin da za a yi wa magani.

Kafin a isa wurin likita, a ajiye mata ruwa mai tsabta, a lulluɓe ta don ɗumi, a ware ta daga 'yan'uwanta. Kada a hana ta abinci da sunan hutar da ciki, yunwa takan kayar da ita da sauri. Sa'an nan muna jan kunne ƙwarai: kada a ba ta maganin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ko ɓarin ƙwaya ɗaya yana iya halaka ta.

Rigakafi dai ya fi magani. Akan fara ba da maganin tsutsa daga mako 3, a maimaita bayan kowane mako 2, allurar rigakafi kuwa daga mako 6 zuwa 8, a ci gaba har mako 16. Har ila yau a kwashe kashin da wuri, a wanke hannu da sabulu, domin tsutsar nan tana iya kama yara masu wasa a ƙasa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.