Luru, Kilim da Sunayen da Ke Bakin Masaƙa

Manomin karkarar arewacin Kano ba shi da yalwar fili. Daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Bichi gona na jingine da gona, ana nome ta kowace damina ba hutu, taki ne kawai ke riƙe da ita. Saboda haka tun fil azal rani bai zama lokacin naɗe hannu ba. Da zarar gero da dawa sun shiga rumbu, sai magidanci ya kafa masaƙarsa a inuwa, ya miƙe zare mai tsawo ya ɗaure a kunkuru, ƙoshiya ta shiga kai da komo. Mata kuwa na cikin gida da mazari suna kaɗi, suna fitar da zare da abawa. Ƙwarya-ƙwarya ake saƙawa, a harhaɗa a ɗinke, a sami fari, ko saƙi mai kama da gashin zabo, ko gwado, ko luru na rufa lokacin hunturu.

Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙuma 300 a shekara. Birni ne ya ɗauki sunan, alhali mafi yawan aikin a ƙauyuka aka yi shi. Har gobe haka abin yake: ana kai baƙo marinar Ƙofar Mata ya ɗauki hoto, ba kasafai ake kai shi wurin wanda ya saƙa abin da ake rinawa ba.

Azarbaijan ta bi wata hanya. Ban da darduma mai gashi, masaƙanta, waɗanda galibinsu mata ne, suna da shimfiɗu marasa gashi iri-iri: palas, kilim, zili, sumak, warni. Kowane zane da sunansa. Akwai buta mai siffar ɗigon ruwa, akwai kuma lanƙwasasshen zanen warni da ake dangantawa da dodon maciji. Latif Karimov, wanda shi kansa masaƙi ne, ya shafe shekaru yana tattara waɗannan zane-zane, yana rarraba su gwargwadon yankunan da suka fito. An kafa gidan tarihin darduma a Baku a 1967, UNESCO ta sanya sana'ar cikin gadon al'adun duniya a 2010, a 2014 kuma gidan ya koma sabon gini mai siffar naɗaɗɗiyar darduma. Ginin ba shi ne abin koyi ba, kuma ba shi Kano ke buƙata ba. Abin koyin shi ne rubutawar da ta riga shi.

Hausawa sun iya raɗa wa ado suna. Wanda ya taɓa sayen babbar riga ya san aska biyu daga aska takwas, dagi kuwa ya bar ƙyalle ya hau bangon gidaje da tamburan hukuma. Waɗannan sun tsira ne domin sarauta ta ɗauke su. Ratsin luru da ƴan zanen da masaƙi ke cusawa tsakanin fari da baƙi ba su sami wannan gata ba, don kayan talaka ne. Sunayensu na bakin tsofaffi, ƴaƴansu kuwa sun ga bargon kanti ya fi araha a Kantin Kwari, sun kama acaɓa ko cirani. Ba a zarge su ba. Lissafinsu daidai ne.

Aikin da ya kamata Jami'ar Bayero da Gidan Makama su ɗauka ba mai tsada ba ne: a je ƙauye da rani, a ɗauki hoton kowace ƙwarya, a rubuta sunanta yadda masaƙi ya faɗa, da garinsa, da wanda ya koya masa. Sai dai da sharaɗi. Kasuwar darduma ta duniya ta cika da dillalan da ke laƙa wa kowane zane ma'anar haihuwa ko kariya daga kambun baka don farashi ya tashi. Idan masaƙin Minjibir ya ce ratsi ne kawai, haka ya gada, to a rubuta hakan. In kuma masaƙa biyu sun saɓa a kan suna guda, a rubuta duka biyun, kowanne da garinsa.