Zuwa ga Makaɗa da Masu Haɗa Sauti: Ku Bar wa Kurma Wuri a Gaba

Na rubuto ne kan mutanen da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana shirya wurin kiɗa, wato kurame da masu raunin ji. Da yawanku kun ɗauka ba ruwansu da aikinku, alhali sauti jijjiga ne, kuma ba kunne kaɗai ke kama shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ranar hawan salla ya san yadda bugunsa ke ratsa ƙirji.

Evelyn Glennie, 'yar Sikotilan da aka haifa a 1965, ta kurumce tana da shekara 12, amma ta zama fitacciyar makaɗiya a duniya. Malaminta yakan buga babbar ganga, ita kuwa ta dafa bangon aji, har ta iya rarrabe sauti ta wurin da ya sauka a jikinta: mai kauri a ƙafafu, siriri a fuska da wuya da ƙirji. Shi ya sa take hawa dandamali ba takalmi. Ita ta jagoranci makaɗa kusan 1,000 a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012.

To amma fata ba kunne ba ce. Lafiyayyen kunne yana kama jijjiga daga sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Fata kuwa ba ta wuce wajen 1,000, kuma ta fi ji a kusa da 250. Ke nan bas da bugun ganga ne ke isa gare ta, yawancin zaƙin sarewa ya wuce ta. Saboda haka don Allah ku daina zaton ƙure ƙara shi ne taimakon kurma. Ƙurewar tana cinye ɗan jin da ya rage wa mai rauni, ta lalata na masu lafiya, sannan ta cakuɗe bugun ya koma gurnani kawai. Ku tsabtace bas, ku bar tazara tsakanin bugu da bugu, don jiki ya iya ƙirgawa.

Siminti yana haɗiye jijjiga, katako yana miƙa ta. Kafinta zai haɗa muku ɗan dandamalin katako mai kogo a ƙasa, ku ɗaure masa sifikar bas, mutum ya hau ba takalmi. Ko hakan ya gagara, ku raba balan-balan. Kurame a ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe suna riƙe shi a wurin kiɗa, siririyar fatarsa tana kai sauti ga yatsu. Ku kuma haska hannun makaɗi, domin ido na bin gula yayin da jiki ke karɓar bugu. Mai kalangu, idan yaro kurma ya matso, kada ka kore shi. Ɗora tafinsa a jikin kalangun, ka matsa igiyoyi ka saki, ya ji yadda murya ke hawa da sauka.

Akwai na'urorin zamani, ba shakka. A 2016 kamfanin CuteCircuit na Landan ya fito da rigar SoundShirt, mai ƙananan injina da ke rarraba sautin kayan kiɗa a sassan jiki. Abin sha'awa ne, sai dai tsadarta ba ta mai kiɗan biki ba ce, kuma jiranta zaman banza ne.

Kada ku yanke wa kurame abin da suke so. Ku nemi tafinta mai maganar hannu, ku je makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano ko ƙungiyar kurame ta garinku, ku tafi da ganga da sifika. Ku buga musu, su gaya muku wanne ya shiga jiki, wanne ya dame su, kafin ku kira kafinta.